Ƙwaron Hular Mai Tuta

Shafi na 23

Masu damuna da saƙo tun safe ku yi haƙuri, caji ne ya ƙare min, ba jan aji ba ne. Wadda ta ce za ta zo har gida ta ƙwace wayar ta karanta da kanta, zauna abinki, ga shi nan. Wanda kuma yau ya faɗo cikinmu ya matso kusa: Auta ce mai kula da tsaron lafiyar ma'aikata a wurin ginin nan mai hawa da yawa, ofis ɗinta kwantena ce a bakin fili. Yayanta ciki ɗaya shi ne Mai Tuta, mai ba manyan motoci hannu in za su shiga ko za su juya. To, mu ɗora.

*

Ta taga ta hango shi yana tahowa, jar tutarsa a naɗe a hammata, yana jan ƙafa kamar wanda aka aika gidan da ba ya son zuwa. Can bayansa a inuwar tulin bulo ma'aikata ne zaune suna hutun rana, amma babu wanda hankalinsa ke kan kwanonsa, idanu duk suna kan ƙofar kwantena. Auta ta san aike ne. Ta ma san saƙon, don maganar ta kwana biyu tana yawo a fili.

Maganar ƙwaro ce. Sunan da suka sa wa 'yar na'urar da kamfani ya liƙa a ƙeyar kowace hular kwano ke nan, girmanta bai wuce akwatin ashana ba. Ita ke nuna wa Auta kowane mutum a allon kwamfuta, ɗigo-ɗigo, kore in babu komai. Da zarar mota ta matso kusa da mutum, ko kaya sun zo wucewa ta saman kansa, sai ɗigon ya koma ja, ƙwaron kuma ya yi abu biyu a tare: ya saki ƙara, ya kama karkarwa a ƙeyar mai hular har sai ya kauce. Ƙarar ba ta dami kowa ba. Karkarwar ce ta zama abin faɗa.

Wani magini ya ce har cikin barci yake jin ta, ran nan ya zabura ya kusa ture matarsa daga gado. Wani kafinta ya ce ita ke kaɗa masa ƙwaƙwalwa, shi ya sa yake yanke katako ya fito gajere. Ni kuwa na ce malam ka ji tsoron Allah, tun kafin ƙwaro ya zo katakonka gajere yake fitowa. Masu ɗaurin rodi kuma wani ya ce musu wani ya ce masa tana hana haihuwa, alhali mai yaɗa maganar 'ya'yansa sun cika ɗaki har tsakar gida.

Ya yi sallama ya shigo, ya cire hular ya ajiye a kan tebur. Kujerar baƙi tana gefe, sai ya jawo ta ya daidaita ta saitin fuskar Auta kafin ya zauna. Ta lura da wannan. Ta yi masa sannu da rana, ya amsa, ya tambayi aiki, ta ce da godiya.

Sannan ya fara karanto saƙo kamar hadda. Wai ma'aikata sun zauna, sun haɗa baki kaf, magina da kafintoci da leburori, suna roƙon a kashe karkarwar a bar musu ƙarar, ai ba kurame ba ne su. Wai sun san Injiniya, shugaban aikin, ba ya taɓa irin wannan abu sai ya ji ta bakinta, shi ya sa suka ce shi ya zo, tunda shi ne babba a cikinsu kuma ba za ta iya kallon idonsa ta ce a'a ba. Duk wannan bayani idonsa na kan bakinta yake yin sa, ita da ba magana take ba.

Da ya kai ƙarshe ta ce, “Na ji nasu. Kai fa, Yaya?”

“Ni me?”

“Kai ma a kashe kake so?”

Ya gyara zaman tutar a cinyarsa. “Ni ɗan aike ne, Auta.”

Ba amsa ba ce, kuma su biyun sun sani.

Abin da bai sani ba shi ne matarsa, wadda Auta ke kira Anti, ta riga shi zuwa. Ba nan ofis ba, gida ta same ta ranar hutu, ta zauna a bakin gado ta amayar da abin da ke cinta. Wai Yayanku ya canza. Ta yi masa magana daga kicin ya share ta, ta maimaita ya share ta, sai ta zo ta tsaya a gabansa sannan ya ce me kika ce, kamar wani mai mulki. Talabijin kuwa in ya ƙure ta har maƙwabta sun taɓa bugo ƙofa. 'Yarsu ƙarama ta daina kawo masa labarin makaranta, ta ce Baba ba ya kula ta. Matar ta rantse ba ta yi masa komai ba, in kuma ta yi ya faɗa mana, wannan shan ƙamshin ya ishe ta. Auta ta ba ta haƙuri ta raka ta, amma maganar ta zauna mata a rai.

Sai ga ranar da tifa ta danna hon a tsakiyar fili. Irin hon ɗin nan mai tsinka ciki. Auta na tsaye a taga, ta ga kowa ya zabura, har wani lebura ya yar da kwanon kankare a ƙafarsa. Yaya na tsaye ya ba motar baya yana warware tuta, ko gezau. Sai da motar ta ƙara matsowa, ɗigonsa ya koma ja a allo, sannan ya dafe ƙeya ya yi tsalle gefe. Ranar ta shiga kwamfuta ta duba. Kowa yana iya rage ƙarfin karkarwar hularsa da ɗan maɓalli, kuma kowa ya rage tasa har ƙasa. Mutum ɗaya ne a duk filin ya ƙure tasa har sama.

Yanzu ga shi zaune a gabanta, sai ta miƙe ta ce bari ta ba shi ruwa. Robar ruwan a bayan kujerarsa take, jikin bango. Ta tsaya nan tana tsiyaya a kofi, ta ce da muryar da ko mai wucewa a waje zai ji:

“Yaya, na sayar da babur ɗinka.”

Babur ɗin nan da ko yaro ya jingina da shi sai unguwa ta ji. Yaya yana zaune yana kankare busasshen siminti daga bakin hularsa da farce.

Ta ƙara ɗaga murya. “Na sayar da shi, har mai saye ya tafi da shi.”

Ya hure ƙurar simintin, ya juya hular ɗaya gefen.

Ni da nake laɓe da birona na so in yi dariya, amma da na ga fuskar Auta dariyar ta koma. Ruwa ya cika kofin har yana zuba a hannunta ba ta sani ba. Tausayi ne ya kama ta, irin wanda yake zuwa da haushi, don wannan mutumin shi ya ɗora ta a kafaɗa ya kai ta makaranta ranar farko, shi ya kawo ta wurin nan ya ce wa Injiniya ƙanwata ta fi kwamfutarku kai, ga shi yana ɓoye mata abu kamar wata bare.

Ta zagayo ta ajiye masa kofin, ta zauna inda zai ga bakinta sosai.

“Me na ce yanzu?”

“Kin ce za ki ba ni ruwa.”

“Bayan nan.”

Ya dube ta, ya dubi robar ruwan, ya sake dubanta. Ya yi ɗan murmushi na neman hanya, ya ce ai hankalinsa ne ya tafi wani wuri, kin san gajiya. Ba ta taya shi murmushin ba. Ta faɗa masa abin da ta ce a bayansa, har sau biyu, da kuma yadda ta ɗaga murya. Ta faɗa masa na ranar tifa. Ta faɗa masa na maɓallin hularsa.

“Tun yaushe, Yaya?”

Ya ɗauki kofin ya sha, ya ajiye, ya share baki da bayan hannu.

“Kunnen hagu ya tafi gaba ɗaya,” ya ce. “Na dama da saura kaɗan. In mutum yana gabana ina haɗawa da bakinsa, sai in gane.”

Daga nan maganar ta ɓalle masa, a hankali, ba tare da ya kalle ta ba. Ya ce ba rana ɗaya abin ya zo ba. Shekarun da ya yi a gindin injin fasa kankare da na kwaɓa siminti ne, lokacin da babu mai ba ka abin toshe kunne, in ma an ba ka sai abokan aiki su ce ka cika son jiki. Kukan tsuntsaye ne ya fara tafiya, bai damu ba, me zai yi da kukan tsuntsu. Sai ƙarar waya. Sai muryoyin mata da na yara, su suka fi saurin ɓacewa. Ya ce ran nan ƙaramar 'yarsa ta tsaya a gefensa tana ta ba shi labari, yana ganin hannunta na ta kwatance, bai tsinci ko kalma ɗaya ba, sai ya ce mata madalla. Ashe ce masa take an doke ta a makaranta.

Auta ta sunkuyar da kai.

Wayar oba-oba da aka ba shi don magana da direbobi, ya ce tuni ya mayar da ita ado a ƙugu, kullum sai ya ce batir ne. Da hannu da tuta yake komai, har direbobi na yabonsa wai babu mai ba da hannu tsaf irinsa. Kafin zuwan ƙwaro kuwa wuni yake yana waige-waige kamar fanka, ya koma gida wuya a sage. Mutane suna cewa Mai Tuta akwai lura, ba su san tsoro ba ne.

“Ranar da aka liƙa mana abin nan,” ya ce, ya ɗora tafin hannu a kan hular, “na fi kowa surutu. Na ce ido da kunne sun ishe ni. Da yamma katafila ta taho ta bayana, na ji abu ya kama ni a ƙeya kamar an dafa ni. Auta, rabon da in tsaya a filin nan zuciyata a kwance har na manta, sai ranar.”

“Shi ne kuma ka zo a kashe.”

“To in ce musu me? In na ce a bari za su ce don me. Ni da na fi kowa zaginsa.”

Hannunsa ɗaya na kan tebur, sai ya ɗaga kai ya nuna mata wayarta da haɓa, ya ce ana kiranki. Ta jikin tebur ya ji karkarwarta. Auta ta duba, Injiniya ne. Ta kife wayar ta bar ta tana ta yi har ta gaji.

Ya matso da kujera. Ya ce yana da shawara, a kashe wa kowa a bar tasa ita kaɗai, babu wanda zai sani, ai ƙeyarsa ce. Ta ce masa abin ba haka yake ba. Ko a kunna wa fili gaba ɗaya ko a kashe wa fili gaba ɗaya, in kuma za a ware mutum ɗaya sai an gaya wa Injiniya dalili. Dalilin kuwa su biyun sun san inda zai kai shi. Dokar wurin a fili take, mai ba motoci hannu dole ya kasance yana ji, kuma wadda aka ɗora wa alhakin kai rahoton wanda ba ya ji ita ce zaune a gabansa.

“Kar ki gaya masa.”

Bai ɗaga murya ba, kuma wannan ne ya fi yi mata ciwo. Ya ce ta bar shi ginin nan ya ƙare tukuna. Ya ce tuta ita ce abin da ya iya, in aka karɓe ta sai dai a ba shi tsintsiya ko gadin ƙofa, yaran da ya koya wa ɗaura igiyar takalmin aiki su riƙa wuce shi suna sannu Baba. Ya ce bai taɓa roƙon ta komai ba.

Gaskiya ne, bai taɓa ba.

Auta ta juya ta dubi allo. Ɗigo-ɗigon duk sun taru wuri ɗaya a inuwar bulo, kore shar, ɗaya ne kawai a cikin kwantena tare da ita. Ta san in ta yi shiru ta ci amanar aikinta, don ba ransa kaɗai ke hannun tutar nan ba. Ta san kuma in ta buɗe baki yau, ta karya mutumin da ko sunansa ba ta iya kira don girma. Ta daɗe tana juya abin kafin ta juyo gare shi, ta yi magana a hankali, tana buɗe baki sosai yadda zai karanta.

Ta ce ya koma ya gaya musu Auta ta ce a'a. Ya ce ya yi iya ƙoƙarinsa, yarinyar ce mai taurin kai, ba ta jin maganar manya. Su zage ta son ransu, ba yau aka fara ba, karkarwa dai tana nan daram. Amma ba kyauta ba ne. Cikin satin nan za su je asibitin kunne, ita za ta kai shi da ƙafarta, don ta ji ana sa wa mutum ɗan abu a kunne ji ya dawo ko da rabi ne. In likita ya ce akwai dabara, shi ke nan, sai su je wurin Injiniya tare da takardar likita a hannu. In ya ce babu, ita da kanta za ta faɗa, kuma kar ya ce ba ta gaya masa ba.

Ya yi ta murza sandar tutar. Can ya gyaɗa kai.

“Saura ɗaya,” ta ce. “Yau in ka koma gida ka gaya wa Anti.”

Ya zaro ido. “Wannan ai ta fi asibitin wuya.”

“Tana can tana zaton wulaƙanci ne kake mata.”

“Ni? Ni da in ta fara faɗa nake gode wa Allah da ya rage min ji?”

Dariya ta ƙwace wa Auta, hawaye na biye da ita, ta rasa wanne za ta fara sharewa. Shi ma ya yi 'yar dariya, ya miƙe, ya dafa kanta kamar yadda yake yi tun tana ƙarama, ya ce Allah ya yi miki albarka. Ya kifa hularsa ya ja igiyar haɓa, ya shafa ƙwaron da yatsa, ya fita.

Ta taga ta bi shi da kallo. Ya isa inuwar bulo ya tsaya ya faɗi saƙo, yana buɗe hannuwa alamar ya yi iya yinsa. Ta zaci za ta ga ana yarfa hannu ana harare-harare wajen kwantena. Abin mamaki sai ta ga wasu na dariya, kafintan nan har da tafawa da na kusa da shi, wani ya ce wani abu yana tafiya ya ba Yaya baya. Yaya ya bi su da murmushi irin na wanda bai ji abin da aka ce ba. Aka buga ƙarfen komawa aiki, kowa ya kama gabansa, injuna suka tashi. Ya warware tutarsa ya nufi tsakiyar fili, inda motar kankare ke jiran ya shigar da ita gindin gini.

Dariyar nan ba ta kwanta wa Auta ba. Ta koma tebur ta ɗaga wayar da ta kife, sai ga saƙon Injiniya.

“Na kira ba ki ɗauka ba. Wasu daga cikinsu sun bugo min kai tsaye, sun ce ba za su koma aiki ba, ga kankare a hanya ba zai jira ba. Na kashe karkarwar daga nan, ƙarar ta isa. Ma yi magana gobe.”

Ta karanta, ta sake karantawa. Ta jawo kwamfuta ta danna wurin kunnawa, abin ya yi ta juyi, ya ce sai da izinin Injiniya. Ta kira shi, waya na ta shiga ba a ɗauka. Tana riƙe da ita a kunne idonta ya sauka kan allo.

Ɗigon Yaya ya koma ja.

Ba ta san lokacin da ta isa ƙofa ba. Yana can tsakiyar fili, fuskarsa na wajen motar kankare, yana kaɗa mata tuta a natse, taho, taho. Ta bayansa tifa ce shaƙe da yashi ta shigo da baya daga bakin get, direban ya leƙo ta ɗaya gefen yana duban ramin da zai kauce wa. Daga inda take tana jiyo ƙarar hular Yaya, tsit-tsit-tsit, tana ta yi a ƙeyarsa. Shi kuwa tsaye yake hankali kwance, ko waiwaye ba ya yi, ya bar wa ƙwaro bayansa.

Ta tattara duk muryar da Allah ya ba ta.

“Yaya!”

Magina suka juyo. Masu rodi suka leƙo daga sama. Mai gadi ya miƙe daga bencinsa. Kowa a filin nan ya juyo, ban da shi.